Yadda ake gane ƙafar mota ta yi laushi da yawa a fagen tsere

Motar da ke tafiya lami lafiya a kan hanya mai gargada ba lallai ba ne ta yi abin kirki a filin tsere, kuma sirrin yana cikin abin da makanikai ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shokazoba da sandunan da ke haɗa tayoyi da gangar jikin mota.

Sifirin shi ke ɗaukar nauyi yana shanye girgiza, shokazoba kuma tana hana sifirin ci gaba da tsalle. Babban aikinsu shi ne tabbatar da cewa taya ba ta rabu da ƙasa ba, domin wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Darasin Peugeot 504

Direbobin da suka daɗe suna bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa sun san darajar ƙafa mai laushi. Ita ce ta sa Peugeot 504, wadda aka fito da ita a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar kamfanin a 1975, ta yi suna wajen jure ramuka da burji.

A shekarar 1975 ɗin ce Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe gasar Safari ta Kenya da irin wannan mota.

To amma filin tsere na kwalta, irin na Bahrain da aka soma gasar Formula One a cikinsa a 2004, ko na Jidda da ya bi sahu a 2021, shimfiɗe yake sumul. A can ba rami ne abokin gaba ba, kwana ce da birki.

Alamomin laushi

Alama ta farko ita ce kwanciya. Idan mota ta karkata sosai a kwana, tayar waje takan jingina a kan gefenta maimakon ta zauna daram, sai riƙonta ya ragu.

Ta biyu ita ce dungurawar gaba idan an taka birki da ƙarfi, da zaman baya idan an ba ta wuta.

Ta uku ita ce jinkiri. Direba zai murɗa sitiyari, amma sai motar ta gama kwanciya kafin ta juya. Wannan ya fi fitowa fili a inda kwanar dama ke bin ta hagu nan take.

Mafi haɗari ita ce ta huɗu, lokacin da sifirin ya matse iya matsewa har ƙafar ta daki robar da ke tare ta. A wannan lokaci motar ta zama tamkar ba ta da sifirin, kuma taya na iya suɓucewa ba zato.

Yadda ake aunawa

Masu tsere ba sa dogara da abin da direba ya ji a jikinsa kaɗai. Sukan ɗaura siririn zoben roba a sandar shokazoba kafin a shiga fili. Idan an dawo aka tarar ya kai ƙurya, ƙafar ta ƙure.

Sukan kuma auna zafin taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, da zarar mota ta tsaya. Idan gefen waje ya fi zafi ko ya fi cinyewa, motar na kwanciya fiye da kima, ko kuma saitin tayar bai dace ba, ko iska ta yi kaɗan.

Injiniyoyi kuwa suna lissafa sau nawa mota za ta yi sama da ƙasa a daƙiƙa guda. Motar gida takan yi sau 1 zuwa 1.5, motar wasa ta kai kimanin sau 2, manyan motocin tsere da iska ke danna su ƙasa kuma sukan wuce sau 3.

Sai dai ya kamata a bambance sifirin mai laushi da shokazobar da ta mutu. Idan mota ta bi ta kan tudu ta ci gaba da rausaya sau biyu ko uku, laifin na shokazoba ne, kuma sauya sifirin ba zai magance shi ba.

Tauri ma na da illa

Sifirin mai tauri ba ya rage jimillar nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Tsayin mota da faɗinta da nauyinta da gudunta ne ke yanke wannan. Abin da tauri ke sauyawa shi ne yadda ake raba nauyin tsakanin gaba da baya.

Idan gaba ya fi tauri, mota takan ƙi juyawa ta miƙe. Idan baya ne, sai bayan ya nemi wuce gaban. Idan kuma duka sun yi tauri, taya takan riƙa tsalle a kan ƙaramar gargada, musamman da ruwan sama, abin da ya sa ake sassauta ƙafa idan fili ya jiƙe.

Ko manyan gasa ba su tsira ba. A 2022, motocin Formula One da aka ƙanƙantar da tsayinsu aka kuma taurara sun yi ta dukan ƙasa, har Lewis Hamilton ya fito daga motarsa da ƙyar saboda ciwon baya bayan tseren Baku.

A ɗaya ɓangaren, Mazda MX-5 da aka fito da ita a 1989 ta shahara da kwanciya a kwana, amma tana cikin motocin da aka fi koyon tsere da su, saboda takan nuna wa direba alama kafin ta ƙwace.

Saboda haka kwanciya kaɗai ba hujja ba ce. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a soma da duba taya da birki, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, sannan a bar agogo ya yi alƙalanci.

Yanke sifirin don mota ta yi ƙasa, kamar yadda wasu samari masu wasa da mota ke yi, yana rage tazarar da ƙafa za ta motsa, ya sa ta ƙure da wuri. Titin da jama'a ke bi kuma ba wurin irin wannan gwaji ba ne.