Ƙananan motoci masu araha a Damagaram: me ya sa masu su ke kokawa?

A Damagaram, matashin da ya samu aiki ko kasuwa ta fara yi masa albarka yakan fara ne da babur. Mataki na gaba shi ne ƙaramar mota, irin su Toyota Starlet da Yaris, Opel Corsa, Peugeot 206, Nissan Micra ko Volkswagen Polo. Dillalai na tallata su da abubuwa uku: sauƙin kuɗi, ƙarancin shan mai da sauƙin tuƙi ga sabon direba. Sai dai sau da yawa murnar ba ta daɗewa, domin kuɗin da mai saye ya ga ya rage a ranar ciniki, a garejin bakanike yake ƙarewa. Ga bayani kan asalin waɗannan motoci, hanyar da suke bi kafin su iso, da dalilan da ke sa masu su yin da-na-sani.

Waɗanne motoci ake nufi?

Motoci ne masu ƙananan injuna, akasari daga lita 1 zuwa lita 1.4, waɗanda aka ƙera domin zirga-zirgar cikin biranen Turai da Japan. A can, ɗalibai da sababbin ma'aikata ne suka fi sayensu a matsayin motar farko.

Kamfanin Toyota ya daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999, ya maye gurbinta da Yaris. Ke nan duk tsohuwar Starlet da ke yawo a Zango ko Sabon Gari ta haura shekara 25. Peugeot 206 ta fito ne a 1998. A 2020 Toyota ya sake fito da sunan Starlet domin kasuwar Afirka, amma wannan wata mota ce dabam da ake haɗawa a Indiya bisa tsarin Suzuki Baleno, kuma farashin sabuwa ya fi ƙarfin yawancin matasa a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake CFA 42,000 a wata. Shi ya sa kusan kowa ke komawa ga wadda aka riga aka yi amfani da ita.

Ta ina suke shigowa?

Tun da a Nijar ana tuƙi ne a hannun dama, motocin da suka dace su ne masu sitiyari a hagu, wato na Turai da Amurka. Shekara da shekaru hanyar ɗaya ce: daga tashoshin ruwa irin su Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano, daga nan a biyo ta Paraku da Malanbil, a haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, sannan Doso, Birnin Ƙwanni, Maraɗi, har Damagaram. Wasu daga cikin motocin kan wuce Najeriya, kafin gwamnatin ƙasar ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba, iyakar Nijar da Benin ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe ɓangarensu, abin da ya sa kaya da dama suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Hanyar ta ƙara tsawo, kuma duk wani ƙarin kuɗin jigila mai saye ne ke biya. Damagaram tana da nisan kusan kilomita 900 daga Yamai, saboda haka kafin mota ta kai hannun mai ita, an ɗora mata kuɗin jirgi, na duwan, na hanya da ribar dillali fiye da ɗaya.

Tsufa ne ciwo na farko

A Oktoban 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci miliyan 14 da aka yi amfani da su, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Wani bincike da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ke fita daga ƙasarsu ya gano cewa yawancinsu shekarunsu tsakanin 16 ne da 20, kuma mafi yawa ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki a lokacin fitar da su.

Mota mai wannan shekaru, ko da fentinta na ƙyalli, robobinta sun bushe, wayoyinta sun yi rauni, shokazoba da kulochi sun kusa ƙarewa. Ba kuma a dogara da agogon kilomita, domin mayar da shi baya tsohuwar dabara ce a kasuwar motoci ta ko'ina. Mai saye yana ganin ya samu mota mai ƙaramar tafiya, alhali injin ya ci ninkin abin da ke rubuce.

A 2020 CEDEAO ta amince da ƙa'idojin da za su taƙaita shekaru da hayaƙin motocin da ake shigowa da su yankin, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025.

Rairayi, zafi da ƙura

Ƙaramar mota ƙasa-ƙasa take, tazarar cikinta da ƙasa ba ta cika wuce santimita 15 ba. A kan kwalta wannan ba matsala ba ce. Amma Damagaram gari ne na duwatsu da rairayi, lungunan Birni matsattsu ne, unguwannin bayan gari da yawa ba su da kwalta, kuma da damina ruwa kan haƙe hanya. Salansa da tukunyar baƙin mai su ne ke fara bugun ƙasa. Wanda ke da dangi a ƙauyukan Mirya, Magarya, Gure ko Tanut yakan gane cewa motar da ya saya domin ziyara ba ta iya kai shi ƙofar gida, sai ya bar ta a bakin kwalta ya hau kabu-kabu.

Sai kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce 40, alhali lagireton ya tsufa, kuma an saba cika shi da ruwan famfo maimakon ruwan sanyaya inji, abin da ke tara tsatsa ya toshe hanyoyinsa. Idan injin ya ɗau zafi sosai ko da sau ɗaya ne, gasket ɗin kansa na iya ƙonewa, kuma gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kunna na'urar sanyi a ƙaramin inji na rage masa ƙarfi ya ƙara masa shan mai. Da hunturu kuwa ƙura ce ke cika matatar iska da wuri fiye da yadda littafin kamfani ya tanada.

Akwai kuma batun lodi. Motar da aka ƙera domin mutum huɗu ko biyar, a nan takan ɗauki iyali da buhun hatsi ranar biki ko suna. Mai mota a unguwa ba ya iya cewa a'a ga maƙwabci mai mara lafiya da tsakar dare. Wannan nauyi shokazoba da taya ne ke ɗaukarsa.

Batun mai

Matatar SORAZ, da ke arewa da birnin kan hanyar Tanut, ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka, shekaru da dama masu ababen hawa sun dogara da man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, saboda ya fi araha. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rangwame ya ƙare, jama'a suka koma gidajen mai. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin lita daga CFA 540 zuwa CFA 499, sannan a Maris ɗin 2025 aka yi fama da ƙarancin mai da dogayen layuka a ƙasar.

A misali, motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta buƙaci kimanin lita 63 daga Damagaram zuwa Yamai, wato sama da jika 31 a tafiya ɗaya. Ga wanda ya saba da babur, wannan bambanci ne babba. Man kwalba kuma, idan ƙura ko ruwa suka shiga ciki, yana toshe famfon mai da bututun fesa shi a injunan zamani, waɗanda ba su da juriyar tsofaffin masu kafireta.

Kayan gyara da makanikai

A nan ne bambanci tsakanin samfuri ke fitowa fili. Kayan Toyota sun fi samuwa, domin Starlet da Corolla sun daɗe suna aikin tasi a Yamai, makanikai kuma sun san su ciki da waje. Sauran samfura kan sa mai mota jiran saƙo daga Maraɗi, Yamai ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ke zuwa ɗin ma ko dai tsoho ne da aka cire daga wata mota, ko sabo maras inganci.

Motocin da aka ƙera daga shekarar 2000 zuwa sama sun dogara da kwamfuta da na'urorin auna iska, zafi da hayaƙi. Gano ciwonsu na buƙatar na'urar bincike, wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Inda babu ita sai a shiga canje-canje bisa zato, mai mota na biya. Masu giya mai sarrafa kanta sun fi shan wahala, domin gyaranta sai ƙwararre. A kan wannan kuma ga inshora, harajin shekara da takardar duba lafiyar mota, waɗanda sabon mai saye ba ya cika sa su cikin lissafi.

Kare rai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ke da mafi munin adadi gwargwadon yawan jama'a. Arahar mota kan shafi wannan fanni. A gwajin karo da ƙungiyar Global NCAP ta yi a 2014, Tata Nano, Suzuki Alto 800 da Hyundai i10 na kasuwar Indiya ba su samu ko tauraro ɗaya ba wajen kare manya. A 2017 Chery QQ3 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu ita ma ta fito babu tauraro. A tsohuwar mota kuwa, jakar iskar da ta taɓa fashewa ba lallai a ce an mayar da ita ba, tayoyin kuma sau da yawa tsofaffi ne da zafin kwalta ke iya fasawa.

Ba Damagaram kaɗai ba

Manyan kamfanoni ma sun ji a jikinsu. Tata ya fito da Nano a 2009 a matsayin mota mafi araha a duniya, amma matasan Indiya ba su so a gan su cikin abin da ake kira motar talaka ba, aka daina ƙera ta a 2018. Toyota ya ƙirƙiro sunan Scion a Amurka a 2003 domin matasa, ya rufe shi a 2016. Nissan ya farfaɗo da Datsun a 2013 domin ƙasashe masu tasowa, ya sake ajiye sunan a 2022. Hausawa dama sun ce araha ba ta ado.

Abin dubawa kafin saye

Wannan ba ya nufin ƙaramar mota ba ta da amfani. Ga mai zirga-zirga a kan kwalta tsakanin gida, ofis da Kasuwar Dole, tana kare shi daga rana da ƙura, ta kuma fi babur tsaro. Abin da ke rage nadama shi ne a je da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, ba na dillali ba, a tayar da injin da safe kafin ya ɗumama, a duba ko baƙin mai ya gauraya da ruwa, a leƙa ƙasan motar domin tsatsa da alamar walda, sannan a gwada ta a kan hanya mai gargada. A tabbatar lambar jikin motar ta yi daidai da ta takardun duwan da na mallaka, a kuma tambayi masu sayar da kayan gyara na cikin gari ko suna da na wannan samfuri. Daga ƙarshe, kada a zuba duk abin da aka tara a ranar ciniki, a ware wani kaso domin taya, batir, baƙin mai da gyaran watannin farko.