Bashi da Ruwa a Ƙasarmu: Waiwaye Adon Tafiya

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da magabata suka ƙyamata shi ne ruwan da ake ɗora masa. Alƙur'ani mai girma ya haramta riba a ƙarshen Suratul Baƙara, shugabannin coci a Turai su ma sun yi ƙarnoni suna hana ta. Mu da muka yi kwalejin horon malamai kuwa ba mu manta da Shailok na wasan Shakespeare ba, wanda ya nemi yankar tsokar jikin wanda yake bi bashi.

A ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, mai ba da bashi da ruwa damina yake jira. Idan rumbu ya ƙare alhali gero bai nuna ba, magidanci kan karɓi dami ɗaya, da kaka ya biya biyu. Wanda ya kasa sai ya jinginar da gona, mai kuɗi ya yi ta nomanta har a fanshe ta. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi, talaka ya ƙara samun dalilin zuwa ƙofar attajiri.

Babu abin da ya fito da wannan ciwo fili kamar aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya cinye gidaje da fadamun dubban mutanen Maradun. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani kuma aka hana su shuka shekara da shekaru ana baje ƙasa, diyya ta ƙi fitowa a kan lokaci. Mutumin da bai girbe ba da me zai ci da iyali? Sai bashi, daga bashi sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Haka gonakin gado da yawa suka koma hannun masu hali. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙan su.

Darasin a bayyane yake: wa'azi kaɗai bai taɓa korar riba daga garin da rumbunsa ya ƙare ba. Yau ma da rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, ƙofar nan a buɗe take. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, mu haɗa hannu mu kafa rumbun tsimi na ƙungiya, a ranta wa manomi buhu a damina, ya maido da buhu da kaka, ba ƙari. Wannan ya fi mu wayi gari muna neman gonar kakanninmu a hannun wani.

Allah ya yi mana jagora, amin.