Yadda ake fid da zakara a wasan ƙwallo

Ya kai mai karatu, ka san kokawa. Tun shekara ta 1975, da aka yi kokawar ƙasa ta farko a Tawa, kowa a Nijar ya san dokar takobi. Wanda ya sha ƙasa ya fita, wanda bai faɗi ba har ranar ƙarshe shi ne sarki. Ba gardama.

Ƙwallon ƙafa ba haka yake ba. A ce samarin Gure, da na Gidigir, da na Kelle, da na Bune, da na sauran garuruwa sun shirya gasa, ƙungiya goma. Yaya za a san wadda ta fi? Kada ka ga kamar abu ne mai sauƙi. Manyan ƙasashe sun fi shekara 130 suna gyaran wannan doka, har yau ba su gama ba.

A Ingila aka fara, kuma hanya biyu suka fito da ita. Ta farko irin ta kokawa ce. A shekara ta 1871 suka sa kofi, ƙungiya 15 suka rubuta suna, wadda aka cinye ta koma gida. Wannan hanya tana da sauri, tana da daɗin kallo. Amma ƙungiya mai ƙarfi, in ranar ba tata ba ce, sai ta fita tun wasan farko.

Ta biyu ta zo a 1888. Wani mutum, William McGregor, ya tara ƙungiya 12. Kowace za ta gamu da kowace sau biyu, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a garin abokiyar karawa. Wadda ta ci tana da maki 2, in an yi kunnen doki kowa maki 1. A ƙarshe a haɗa lissafi. Preston North End ta yi wasa 22 ba a cinye ta ba ko sau ɗaya, ta zama zakara. Daga baya, a 1981, Ingila ta mai da makin nasara 3, don ƴan wasa su bar tsare gida su nemi ci. Yanzu duniya duka haka take yi.

Wannan hanya ta biyu kamar noma take. Ba ruwan rana ɗaya ke cika rumbu ba, sai an ga damina duka. Ita ce ta fi gaskiya. Sai dai tana da tsada, ga ta da cin lokaci.

Dubi ƙasarmu. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Ƙungiyar da ta fito daga gabas, in za ta je wasa Yamai, sai kuɗin mota, da na abinci, da na masauki, ga gajiyar hanya. Ƙungiyoyin Yamai kuwa suna da yawa, yawancin wasanninsu cikin gari ɗaya suke yi, kowa ya kwana ɗakinsa. A takarda doka ɗaya ce ga kowa, amma ƙafar wanda ya wuni cikin mota ba ɗaya take da ta wanda ya huta ba. Tun da aka soma gasar ƙasa a 1966, kusan kowace shekara ƙungiyar Yamai ke ɗauka. Jangorzo ta Maraɗi ta ci a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Ban ce nisa kaɗai ne dalili ba, akwai zancen kuɗi da na filin wasa. Amma nisa yana ciki.

Don rage wannan wahala aka samo hanya ta uku, wadda ta haɗa biyun can. A raba ƙungiyoyi rukuni rukuni, kowane rukuni ya yi wasanninsa a ƙirga maki. Sa'an nan waɗanda suka yi gaba su taru su yi zagayen ƙarshe, nan zakara zai fito. An yi haka a Nijar cikin wasu shekaru. To, wannan zagayen ƙarshe shi ne inda gardama take.

Tun kafin a kai can akwai ƙananan dokoki da aka koya da wuya. A 1982, a gasar kofin duniya a Sifen, Aljeriya ta cinye Jamus ta Yamma 2 da 1. Amma Aljeriya ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin sauran. Jamus da Ostiriya suka shiga fili sun riga sun san lissafi, in Jamus ta ci 1 da 0 dukansu biyu sun wuce. Minti goma da farawa Jamus ta ci. Daga nan sai suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo har aka tashi, Aljeriya ta koma gida. Tun daga gasar 1986, wasannin ƙarshe na rukuni lokaci ɗaya ake yin su.

In maki ya zo daidai fa? Sai a dubi wanda ya ci wani da suka gamu, ko a ƙirga ƙwallayen da kowa ya ci, a ɗebe waɗanda aka ci shi. Wani lokaci duk wannan ba ya raba su. A 2015, a gasar kofin Afirka, Mali da Gini kowace ta yi wasa uku, kowane wasa 1 da 1. Sai aka jefa ƙuri'a a birnin Malabo. Gini ta wuce, Mali ta fita ba wanda ya cinye ta.

Yanzu mu leƙa wajen maƙwabtanmu na kudu, don a Najeriya abin ya fi fitowa fili. Gasar 2018 ba ta kai ƙarshe ba, lokaci kuma ya ƙure. Don haka a 2019 suka raba ƙungiya 24 gida biyu, 12 nan 12 can. Uku na sama daga kowane gida suka taru a filin Agege a Legas cikin watan Yuni, kowace ta yi wasa biyar. Rangers ta Inugu ita ce ta ɗaya a rukuninta, Enyimba ta Aba tana bayanta. Amma da aka zo Legas sai aka share makin baya duka, kowa ya fara daga sifiri. Enyimba ta zama zakara, Kano Pillars ta biyu, Rangers ta uku.

A 2023 aka sāke yin haka, ƙungiya 20, gida biyu. Bendel Insurance ta birnin Benin ta yi wasa 18 a rukuninta ba wanda ya cinye ta. Aka sāke taruwa Legas, aka sāke share allo. Cikin ƴan kwanaki aikin watanni ya tafi. Enyimba, wadda ke bayan Bendel a wannan rukuni, ita ta sāke ɗaukar kofi.

Shin an cuci Bendel? Doka ba ta cuce ta ba, don tun farko kowa ya san tsarin ya kuma yarda. Enyimba ma ba sata ta yi ba, ta ci wasanninta a fili. Masu son wannan tsari suna da hujja. Suna cewa rukuni biyu ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, maki 30 a rukuni mai sauƙi ba daidai yake da maki 30 a rukuni mai wuya ba, gara manya su gamu da juna a gani. Gaskiya ne. Amma ni a ganina share makin duka ya yi yawa. Kamar manoma shida ne suka kai hatsi sussuka, aka tara wuri ɗaya, aka ce wanda ya fi saurin awo yau shi ne ya fi noma.

Mutanen Beljiyam sun nemi tsaka-tsaki. Tun gasar da suka fara a 2009, in za a shiga zagayen ƙarshe sai a raba makin kowa biyu, ya shiga da rabi. Wanda ya yi gaba da maki 6 zai fara da 3 a hannu. Bai rasa duka ba, na baya kuma bai fid da rai ba. Duk da haka a 2022 ƙungiyar Union ta gama zagayen farko tana kan gaba, Club Brugge ta zo ta wuce ta a ƙarshe. A 2025 ƙungiyoyin ƙasar suka yanke shawarar barin wannan tsari tun daga 2026. Amma Beljiyam ƙaramar ƙasa ce, jahar Damagaram kaɗai ta ninka ta kusan sau biyar. Abin da ya yi musu sauƙi mu ba zai yi mana ba.

Saboda haka in an kira ka taron shirya gasa a Gure, tun da yanzu kana karatu da rubutu, ka zo da takarda da alƙalami. Raba rukuni bisa kusancin garuruwa ba laifi ba ne, aljihu ya sa. Amma ka tambaya me za a ba wanda ya yi na ɗaya a rukuninsa. Ko ya shiga da wani abu daga makinsa, ko a haɗa shi da na biyun ɗaya rukunin, ko a yi wasan a filinsa. Ka tambaya kwana nawa kowa zai huta, don kada wani ya yi wasa jiya ya gamu da wanda ya kwana uku yana hutu. Ka tambaya abin da za a yi in maki ya zo daidai. A rubuta amsoshin, shugaban kowace ƙungiya ya sa hannu tun ba a buga ƙwallon farko ba. Kada kuma a manta da damina, in ruwa ya sauka ƴan wasanka duka suna gona.

Su kuwa mutanen Najeriya, bayan gasar 2023 sai suka koma hanyar McGregor, ƙungiya 20, kowace ta je garin kowace, wasa 38. Wadda ta fi maki da aka haɗa lissafi cikin watan Yuni na 2024 ita ce Rangers ta Inugu.