Kyamarar Maigida, Idon Yaro: Tarihin Ladan Masu Hoto

Rubutun wannan mako ya ɗan fita daga gonarmu, amma ba da nisa ba. Magana ce kan ladan yaran da ke aiki a shagunan ɗaukar hoto, irin na Talata Mafara da Gusau, inda saurayi daga Janbako ko Bakura kan je koyon sana'a.

Tun farkon sana'ar a Afirka ta Yamma, tsarin ubangida da yaro aka bi, kamar na teloli da makanikai. Yaro zai share shago, ya riƙe fitila, ya wanke hotuna a ɗakin duhu. Ladansa abinci ne da ɗan kuɗin sabulu, sai kuma sa ran ranar da za a yaye shi.

Ku dubi Malick Sidibé na Bamako. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya kira shi ya yi wa shagon ado, domin zane ya karanta. Daga nan ya zama yaron shago. Maigida na zuwa shagulgulan Turawa, shi kuma yana bin na samarin gari da dare. Da ya buɗe nasa shagon, Studio Malick, yakan manna hotunan daren jiya a kwali da lambobi, kowa ya zo ya zaɓi nasa ya biya. Wato kuɗin shigarsa ya rataya ne a kan yawan hotunan da aka saya. Wahalar dare ba mai biyanta. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin zane-zane na Venice.

J. D. 'Okhai Ojeikere a Nijeriya ya bi hanyar albashi. Ya fara a ɗakin duhu na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan a 1954, ya yi aiki a gidan talabijin da kamfanin talla, sai a 1975 ya buɗe nasa shagon a Legas. Hotunan kitson mata da suka fito da sunansa, a gefe ya fara ɗaukarsu, don kansa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Seydou Keïta. Ya buɗe shago a Bamako a 1948. Idan ya ɗauki mutum, sai ya ba shi hotonsa, shi kuma ya adana fim ɗin da aka wanke, wanda daga shi ake sake buga hoton. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali mutumin yana nan da ransa a Bamako! Wani Bafaranshe, André Magnin, shi ya bi sawu har ya gano shi. Daga nan hotunan suka yi tsada a Turai da Amurka, kuma bayan rasuwarsa a 2001 aka yi ta jayayya kan wanda ke da iko da waɗannan fina-finan. Abin da ya cece shi tun farko shi ne fim ɗin na hannunsa. Da yaron shago ne, wa zai neme shi?

Zuwan injinan wanke hoto mai launi a shekarun 1980 ya rage darajar ɗakin duhu, wayar hannu kuma ta ƙarasa. Yanzu kasuwa ta koma hoton fasfo, biki, suna da Sallah. Wannan ne ya sa masu shago ba sa son yanka albashi: ciniki na yanayi ne. Sun fi son kaso ko jinga. A ganina kaso kaɗai zalunci ne da damina, lokacin da mutane ke gona, kamar yadda albashi kaɗai cuta ne ranar Sallah, da yaro zai wuni tsaye ya kwana gyaran hotuna a kwamfuta. Ɗan albashi tsayayye tare da kaso a kan aikin waje ya fi kusa da adalci, musamman in yaron ne ke zuba mai a babur.

Kada wani ya ce ai akwai mafi ƙarancin albashi. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin kaso da jinga. Kusan duk shagunan hoto suna waje da ita.

Inda doka ta taɓa mu duka shi ne haƙƙin mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ɗauki wanda ya ɗauki hoton a matsayin mawallafinsa, kuma shi ke da haƙƙin tun farko, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. Ƙa'idar nan ce ke kan labarin da kuke miƙa wa mai buga littafi ko mai shirya fim. Don haka kafin maganar nawa za a biya, akwai tambayar da yaron shago da marubuci za su yi, a kuma rubuta amsarta a takarda: hotunan da ke cikin kwamfutar shago, ko rubutun da aka karɓa, na wane ne, kuma sunan wa za a sa a jiki?