Mahaɗar da Dogo Bai Iso Ba: Sakkwato Tsakanin Hubbare da Layin Jirgi

A ƙarƙashin birnin Landan akwai tashar King's Cross St Pancras, inda layukan jirgin ƙasa shida suke haɗuwa a cikin ƙasa. Tun ranar 10 ga Janairun 1863, lokacin da aka buɗe layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, ake hawa da sauka a wannan wuri. Matafiyi ya sauka daga wannan jirgi, ya bi ta wani lungu, ya shiga wancan, ya ɓulla wata unguwa dabam. Alƙahira ta bi sahu a 1987, ta zama ta farko a Afirka. Darajar irin wannan tasha tana cikin haɗuwar hanyoyi, domin duk inda hanyoyi suka haɗu, can kasuwa da mulki suke tarewa.

Ƙasar Hausa ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma ta san mahaɗa tun kafin ta ji kukan jirgi. A ƙarni na goma sha tara babbar mahaɗarta ita ce Sakkwato. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815, kuma da ya rasu a 1817 aka yi masa makwanci a gidansa, wurin da ake kira Hubbare. Daga nan hanyoyin Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Adamawa suka zama kamar jijiyoyin da suke komawa zuciya. Sarakuna da manzanninsu suna kawo gaisuwa, sabon sarki yana jiran takardar tabbatarwa, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima yana lura da al'amuran Kano da Zazzau. Fatake kuwa suna ɗaukar jar fatar akuyar Sakkwato zuwa Kano, daga can ta ƙetare Sahara. Har baƙi daga Turai, irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1853, sai da suka biyo wannan hanya.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Abin da bindiga ta fara, dogo ne ya ƙarasa shi. Masu shimfiɗa layin ba fadar Sarkin Musulmi suke nema ba, auduga da fata suke so su kai bakin teku. An fara aiki daga Baro a gaɓar Kwara a 1907, layi ya isa Kano a 1911, kuma ba da jimawa ba gyaɗa ta zama babban kayan da yake ɗauka. Zariya ta zama mahaɗa: daga cikinta ƙaramin layi ya hau tsaunukan Jos a 1914 domin kwaso kuza, wani kuma ya nufi yamma ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. A nan ya tsaya har yau, ya bar Sakkwato da tafiyar kwanaki a ƙasa.

Sakamakon wannan bai ɓuya ba. Kaduna, wadda ta girma a gefen gadar jirgi, ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Sabon Garin Zariya ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu. Funtuwa ta bunƙasa da gurzar auduga, Gusau ta zama kasuwar da kantunan Turawa suka jeru a cikinta, har ta kai ga zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996. Fatar Sakkwato, wadda dā ake zuwa nemanta, sai ta koma ana ɗora ta a kan jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, ana kai wa jirgi inda yake.

Duk da haka akwai hanyar da dogo bai iya karkatarwa ba, wato ta masu ziyara. Tun zamanin Nana Asma'u, matan 'Yan Taru suke tasowa daga ƙauyuka, jajinsu a gaba, su zo ɗaukar karatu; ita ma da ta rasu a 1864 kusa da mahaifinta aka kwantar da ita. Har yanzu wanda ya tsaya a ƙofar Hubbare zai ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, zai ga baƙi daga Nijar da Kamaru da Gana. Sun zo ba tare da jadawali ko ƙararrawar tasha ba, sun yi addu'a, sun yi sadaka, kowa ya kama hanyarsa.

Amma ziyara kaɗai ba ta ɗaukar albasar Sakkwato da shinkafarta zuwa kasuwa. A 2021 an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, ya sake wucewa ta gabashin Sakkwato. Tarihin 1911 da 1929 ya nuna cewa wanda ya ja layi a kan taswira shi yake raba arzikin garuruwa har jikoki. Saboda haka ya wajaba mutanen wannan birni su kasance a zauren da ake jan layi na gaba, kafin a sake tsayar da jirgi nesa da ƙofarsu.