Ɓeran da ya kasa ƙoshi

A ƙasar Masa, wajen Yagwa a gaɓar kogin Logone, akwai wata tsohuwar al'ada da ake kira guru walla. Saurayi zai keɓe kansa kusan wata biyu, ba noma ba kiwo, aikinsa kawai ɗura nono da abincin jar dawa dare da rana, don ya fito da jiki a yaba shi. Masanin Faransa Patrick Pasquet da abokan aikinsa sun auna samari tara, suka buga sakamakon a 1992: kowanne ya ƙaru da kimanin kilo 17. Da aka sake auna su bayan shekara biyu da rabi, sai aka tarar sun koma nauyinsu na farko, ba magani, ba horon yunwa. Ke nan akwai wani ma'auni a jiki da ke jan mutum ya koma inda yake. To idan ma'aunin ya lalace fa?

Amsar ta fito ne daga kejin ɓeraye, nesa da Kamaru. A 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, aka haifi wasu ɓeraye masu ci ba ƙaƙƙautawa, har suka ninka 'yan uwansu nauyi kusan sau uku. Douglas Coleman ya yi shekaru yana haɗa jinin mai ƙiba da na siriri ta hanyar tiyata, ya ce lallai akwai wani saƙo cikin jini da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon, aka raɗa wa saƙon suna leptin.

Wannan labarin ya yi suna. Wanda ba a cika bayarwa ba, kuma ni ya fi burge ni, shi ne na wani zuriyar ɓeraye a cibiyar nan dai, waɗanda Coleman da Eva Eicher suka bayyana a 1990. Su ƙibarsu a hankali take zuwa, kuma leptin ɗinsu na nan. A 1995 Jürgen Naggert da abokansa suka gano cewa abin da suka rasa wani enzayim ne mai suna carboxypeptidase E. Enzayim ma'aikaci ne a jiki, shi kuwa wannan aikinsa irin na tela ne. Jiki yakan fara ƙera insulin da saƙonnin ƙoshi na ƙwaƙwalwa a matsayin dogon yadi, sai a yayyanka, sannan wannan telan ya datse bakin kowane ƙyalle kafin ya yi amfani. A waɗannan ɓeraye, canjin ƙwayar amino guda ɗaya tak ya kashe telan. Yadi ya taru jibgi, riga babu. Jininsu cike da ɗanyen insulin wanda bai gama haɗuwa ba, saƙon ƙoshi kuma ba ya isa yadda ya kamata.

Wani zai ce ai ɓera ne, ina ruwanmu. A 2015 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka ba da rahoton wata matashiya 'yar asalin Sudan mai matsananciyar ƙiba da ciwon suga, wadda ta rasa wannan enzayim ɗin gaba ɗaya. Iyayenta 'yan uwan juna ne. Lalurar ba ta bayyana sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka, shi ya sa auren zumunci, wanda mun san shi sarai daga Garwa har Poli, yake ƙara yiwuwar haɗuwarsu.

Kada dai a ɗora wa gado komai. Irin wannan lalura ba ta da yawa ko kaɗan, kuma teɓar da ke ƙaruwa a biranenmu ta fi alaƙa da lemon kwalba, soye-soye da hawan babur ko da zuwa bakin layi ne. Amma yaron da tun yana rarrafe ba ya ƙoshi, yana kukan yunwa bayan ya cinye kwano, ya bar sa'o'insa nesa a nauyi, likitan yara ya kamata ya gan shi tun kafin gida ya laƙaba masa sunan acici.