Samarin da aka ɗaure saboda sun hau dutse

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Kwanakin baya wani ƙanina ya nuno min bidiyon wasu Turawa a waya. Kowannensu ya goyo ƙatuwar jaka, ga tanti, ga 'yar tukunya, suna ta tafiyar ƙasa a kan tsaunuka, wai sai sun yi kusan mako uku kafin su kai inda za su. Ya ce min, "Yaya, wannan ai ƙoshi ne ya yi musu yawa." Na yi dariya, don ni ma a da haka nake gani. Da na bi tarihin hanyar da suke takawa, sai na tarar a farkonta akwai talakawa, akwai sanduna, akwai kurkuku.

Sunan hanyar Pennine Way, a ƙasar Ingila take. Tsawonta kimanin kilomita 430, wato kusan nisan Kano zuwa Abuja a mota. Tana tashi daga ƙauyen Edale, ta bi ƙashin bayan tsaunukan arewacin Ingila, ta ƙare a ƙauyen Kirk Yetholm da ke cikin Sukotlan. Mai ƙwari yakan gama ta cikin kwana 16 zuwa 19. A ranar farko matafiyi zai hau wani tudu da ake kira Kinder Scout, mai tsayin mita 636. To a kan wannan tudun labarinmu yake.

Mu koma shekarar 1932. Kinder Scout na tsakanin manyan biranen masana'antu biyu, Manchesta da Shefild. Manchesta garin masaƙu ne, har ma a can aka kafa ƙungiyar nan ta BCGA a 1902, wadda ta zo ta riƙa sayen auduga a ƙasar Hausa. Shefild kuwa garin ƙarfe ne. Ma'aikaci yana aiki kusan kwana shida a mako cikin hayaƙi, ga tattalin arzikin duniya ya karye, dubban matasa ba su da aikin yi. Hutun da ba ya cin kuɗi shi ne ran Lahadi mutum ya fita bayan gari ya taka ƙasa, ya shaƙi iska mai kyau.

Matsalar ita ce tsaunukan suna da masu su. Tun a ƙarni na 19 aka killace filayen da a da jama'a ke ratsawa, suka koma hannun sarakuna da attajirai. Me suke yi da su? Farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, wadda ake buɗe lokacinta ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Saboda 'yan kwanakin harbin nan aka rufe dajin shekara ɗungurungum, aka zuba masu gadi da sanduna. An sha kai ƙudurin buɗe tsaunuka gaban majalisa, tun daga wanda James Bryce ya kai a 1884, amma duk sai a yi watsi da shi.

A hutun Ista na 1932, wasu matasa 'yan wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata, mai alaƙa da 'yan gurguzu, suka nufi tudun Bleaklow da ke kusa. Masu gadi suka tare su, suka kora su. Cikin shugabanninsu akwai wani bakanike ɗan shekara 20, Benny Rothman, ɗan wasu Yahudawa da suka yi ƙaura daga Romaniya. Lissafin da suka yi mai sauƙi ne: an kore mu ne don ba mu da yawa, to mu dawo da yawan da ba za a iya korarsa ba.

Ba su ɓoye ba, sai da suka sanar a jarida. Ranar Lahadi 24 ga Afrilu 1932, mutum kimanin 400 suka taru a ƙauyen Hayfield. Rothman ya hau kan dutse a wani wurin fasa duwatsu ya yi musu jawabi, sannan suka kama hanya ta wani kwazazzabo da ake kira William Clough. Da suka bar hanyar da aka halatta suka fara hawa tudun, sai ga masu gadin basaraken yankin, Duke na Devonshire. Aka ɗan ba hammata iska, mai gadi ɗaya ya ji rauni. Matasan suka wuce, suka haɗu da 'yan uwansu da suka taso daga ɓangaren Shefild, suka gaisa, suka juyo. A ranar 'yan sanda suka kama mutum shida.

Ku lura da wani abu. A dokar Ingila ta lokacin, ratsa filin wani ba laifin da ake ɗaure mutum ba ne. Saboda haka sai aka tuhume su da tada tarzoma da duka. Kotu a garin Derby ta ɗaure biyar daga cikinsu, daga wata biyu zuwa wata shida. Rothman ya samu wata huɗu.

Hukuncin nan shi ya juya zancen. Manyan ƙungiyoyin masu tafiyar ƙasa na lokacin, waɗanda dattawa ke jagoranta, ba su goyi bayan samarin ba tun farko. Suna ganin rashin kunya ce da za ta ɓata musu lallamin da suka daɗe suna yi wa masu filaye. Amma da aka ji an ɗaure yara don sun hau dutse, ran mutane ya ɓaci. A wannan shekarar aka yi gangami a Winnats Pass, aka ƙiyasta mutum 10,000 suka halarta.

Nan ne yawanci ake tsayar da labarin, a tafa. Ni ma da nan na so in tsaya, don ya fi daɗi a bakin ɗan gwagwarmaya. Sai dai gaskiya, bayan gangamin ba a buɗe ko taku ɗaya ba. Dokar da majalisa ta yi a 1939 ma ta zo a gurguje, har masu fafutukar suka ƙi ta.

Akwai mutum na biyu a labarin, ɗan jarida Tom Stephenson. A 1935 wasu 'yan mata biyu daga Amurka suka rubuto wa jaridar da yake aiki, Daily Herald, suna tambaya ko Ingila na da doguwar hanyar ƙafa irin ta tsaunukan Appalachia, wadda ake kan shimfiɗawa a ƙasarsu a lokacin. Babu. Sai ya rubuta maƙala yana kiran a samar da irinta a tsaunukan Pennine. Daga nan ya kama aikin da ba a yi wa tafi: zana taswira, zaman kwamiti, rubuta wasiƙu. A 1948 har 'yan majalisa ya kwasa ya kai su tsaunukan, suka taka da ƙafarsu, cikinsu da Hugh Dalton da Barbara Castle.

A 1949 aka yi dokar gandayen daji na ƙasa da damar shiga karkara. A 1951 yankin Peak District, inda Kinder Scout yake, ya zama gandun dajin ƙasa na farko a Birtaniya. Ita kuwa hanyar sai da aka yi ta ja-in-ja da masu filaye, gona bayan gona, kafin a buɗe ta ranar 24 ga Afrilu 1965. Shekara 30 ke nan da maƙalar, shekara 33 cif da ranar da samarin suka hau tudun. Cikakken 'yancin ratsa tsaunuka da filayen da ba a nomawa bai zama doka ba sai a shekarar 2000.

Rothman ya ga wannan dokar da idonsa, ya rasu a farkon 2002. A watan Afrilun shekarar, wajen bikin cika shekara 70, Duke na Devonshire na lokacin ya zo wurin fasa duwatsun nan, ya tsaya gaban jama'a ya nemi afuwa kan abin da aka yi a zamanin kakansa.

Har yau masana tarihi na gardama: wa ya buɗe dajin? Shi kansa Stephenson yana ganin hawan Kinder bai tsinana wani abin kirki ba. Wasu kuma na cewa ba don an ɗaure yaran ba, da talakan gari bai ma san ana rigimar ba. Ni dai abin da na fahimta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu zafin kai sun sa an ji, masu haƙuri sun sa an rubuta a doka, alhali ba sa ga maciji da juna.

Abin ya taɓa ni ne saboda na san inda muke da rauni. Akwai wani fili a unguwarmu da muka taso muna buga ƙwallo a cikinsa. Da aka fara kewaye shi, mun yi ca a Facebook, mun taru, mun yi hotuna. Bayan mako biyu aka kira zama don a rubuta takardar koke a bi ta ofis-ofis, mu huɗu muka zo. Zama na uku ni kaina ban je ba. Yau shaguna ne a wurin. Muna da Rothman da yawa, wallahi, amma wa zai yarda ya zama Stephenson na shekara 30?

Kuma ko a Ingilar ba a gama ba. Filin da dokar 2000 ta buɗe bai wuce kashi 8 cikin 100 na ƙasar ba. A gandun dajin Dartmoor, wani attajiri mai fili ya kai ƙara don a hana matafiya kafa tanti su kwana ba da izini ba, ya kuma yi nasara a farkon 2023. Dubban mutane suka fita tattaki, hukumar gandun ta ɗaukaka ƙara, sai a watan Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jama'a 'yancinsu. Kun ga, nan ma ƙafa da takarda ne suka haɗu.

Na mayar wa ƙanina wayarsa, na ce ya sake kallon bidiyon, ya duba ƙasar da suke takawa.

Ku faɗa min a ƙasa: a garinku wane fili, wane dutse ko wace hanya ce kuka taso kuna bi, yau ta gagare ku? Kuma wa ke bin takardunta? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.